Li'irabin Kwamfuta da Kasuwar Maigatari
(Jawabi a taron ɗaliban ƙasar Gumel)



Wasu daga cikin ƙannenmu da suka fara koyon rubuta manhaja sun tambaye mu: wace taskar li'irabi ya kamata mai koyo ya ɗauka? Kafin mu amsa, bari mu warware kalmar. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Ajurrumiya ya san li'irabi, watau feɗe jimla a nuna matsayin kowace kalma. Kwamfuta ma sai ta feɗe rubutu kafin ta yi aiki da shi. Taska kuwa ita ce kayan aikin da wasu suka riga suka shirya domin wannan feɗewa.

Taskokin suna da yawa. Stephen Johnson ya ƙera Yacc a Amurka cikin shekarun 1970, Terence Parr ya fara ANTLR a 1989, masu harshen Python kuma suna da Lark da pyparsing. Amma mu muna ganin mai koyo ya fara duban kayan da zai ɗaura kafin ya zaɓi jaki.

Mu ɗauki misali daga gida. Ran Alhamis ake cin kasuwar Maigatari. A ce an ba ɗayanmu littafin dillali ya shigar da cinikin shanu, ko na riɗi da zoɓon Gagarawa da Sule Tankarkar. In lissafin a jere yake, suna da adadi da kuɗi, ba ya bukatar wata babbar taska. Abin karanta CSV da ke cikin Python ya wadatar. In kuwa an rubuta shi da kalmomi, to, nan aiki ya zo.

Ga "dubu ɗari biyu da hamsin". Naira 250,000 ake nufi, ko 200,050? Ga "ashirin ba ɗaya", watau 19. Ga "jaka": a bakin dattawanmu naira 200 ce, amma Bahaushen Damagaram da ya tsallako iyaka sefa 1,000 yake nufi. Babu taskar da za ta yanke wannan hukunci. Mai rubuta manhajar ne zai zauna da dillalai, ya ji al'adarsu, ya tsara nahawunsa a takarda. In ya yi sakaci, makiyayi ne zai yi asarar kuɗin sansa.

Bayan haka, sai a jarraba taskar da baƙaƙenmu. Tsofaffin kayan aiki da yawa an gina su ne bisa baƙaƙen Turanci, suna tuntuɓe da ɓ, ɗ da ƙ. Tun fitowar Python 3 a 2008 wannan ya yi sauƙi, amma alamar da ke cikin 'ya'ya da sa'a har yanzu takan sa a raba kalma gida biyu. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Saboda haka shawararmu uku ce. A rubuta nahawu tukuna. A zaɓi taskar da ke nuna layin da kuskure yake, wadda kuma ake ci gaba da kula da ita. Lark ta dace da mai koyo, domin nahawun yana zaune shi kaɗai, ana karanta shi sarai. Sa'an nan a gwada ta da shafi guda na littafin dillali kafin ranar kasuwa, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani.