Dogon Tsalle Daga Gudu Yake Farawa



Dogon tsalle daga gudu yake farawa. Ɗan wasa kan ja da baya kimanin mita 40, ya sheƙo a guje, sannan ya taka katakon tashi. Dalilin gudun yana cikin dokar da Isaac Newton ya bayyana: abin da ke tafiya ba ya tsayawa, ba ya sauya hanya, sai wani ƙarfi ya tilasta masa. Shi ya sa fasinja ke ruftawa gaba idan direba ya taka birki.

Saurin da ɗan wasa ya tara, haɗe da nauyin jikinsa, shi ne jarinsa. A kan katako, cikin ƙiftawar ido, ƙafa ɗaya ke dokan ƙasa ta juya wani ɓangare na saurin nan zuwa sama. Idan ya cika neman sama, sauri ya zube.

Da zarar ƙafa ta bar ƙasa, magana ta ƙare. Hanyar da jiki zai bi ta riga ta tabbata. Wutsil-wutsil ɗin da ake gani a iska, kamar mai tuƙa keke, ba ya tura shi gaba. Hana shi kifawa da fuska yake yi, don ya samu miƙa ƙafafu kafin ya dira cikin yashi.

A Tokyo, a 1991, Mike Powell ɗan Amurka ya yi tsallen mita 8.95. Har yau ba wanda ya karya wannan tarihi.