Finafinan Da Ba Su Biyo Ta Kasuwa Ba

Wadda take bakin murhu ta ɗan matso da rediyon kusa, wadda take ɗinkin hula kuwa kada ta ajiye allurar, don yau har da hularta a cikin zancenmu.

Zancen fim za mu yi. Na san wata za ta ce, "Yau kuma? Mu da ko ƙofar silima ba mu sani ba?" Yi haƙuri Hajiya, ba ni aron hankalinki, ai kina kallon fim a ɗakinki. Tun daga Turmin Danya na 1990, zamanin kaset, aka zo faifan CD, har yau da yara suke zuwa a tura musu a waya, mu matan cikin gida mu ne manyan masu kallon finafinan Hausa. To akwai wani irin fim da ba ya biyowa ta wannan hanya, kuma sau da yawa labarinmu yake ɗauke da shi.

Kin san bambancin hular inji da hular hannu. Ta inji a yini ɗaya sai a fitar da tuli, duk zane ɗaya, ga araha, kowa ya samu ya sa. Ta hannu kuwa sai ki yi makonni kina bin zare ɗaya bayan ɗaya, idonki ya yi ja, wuyanki ya ƙage. Haka fim yake. Akwai na kasuwa, wanda tun kafin a fara an san abin da mai saye yake so: jarumin da aka sani, waƙa, kishi, dariya, a ƙarshe a yi aure. Ba laifi ba ne, ni ma ina kallo. Akwai kuma wanda ake ce wa fim mai zaman kansa. Mutum ne wani labari ya tsaya masa a rai, ba babban kamfani a bayansa, sai ya yi ta haɗa kuɗi nan da can, wani lokaci shekara da shekaru. Irin wannan fim ba ya sauri. Za ki ga an daɗe ana nuna fuskar mace tana shiru, ba kiɗa ba magana, an bar ki ke ki karanta abin da yake cinta. Wani ma ba ya ƙarewa yadda kike so.

To idan an gama shi ina ake kai shi? Nan ne abin yake ba ni haushi. Hanyarsa ta farko bikin baje kolin finafinai ne, kuma yawancin manyan bukukuwan a waje suke: birnin Kan na Faransa, Balin ta Jamus, Toronto ta Kanada, da Sundance a Amurka. A nan Afirka muna da FESPACO a Wagadugu ta Burkina Faso, wanda aka fara tun 1969. Can ne alƙalai suke kallo, 'yan jarida su rubuta, dillalan fim su taya. Idan ya yi suna sai ya shiga silima. Bayan silima, in an yi sa'a, ya zo talabijin ko intanet. Mu da muke cikin gida mu ne a ƙarshen layi, wani ma har abada ba ya isowa.

Bari in ba ku misali da wanda ya fi taɓa ni. Akwai wata baiwar Allah 'yar Damagaram a Jamhuriyar Nijar, Aisha Macky. A 2016 ta fitar da wani fim na gaskiya, wato ba wasan kwaikwayo ba, mutanen ciki rayuwarsu ce ta zahiri. Sunansa da Faransanci L'arbre sans fruit, ma'ana bishiyar da ba ta 'ya'ya. Ita kanta matar aure ce da Allah bai ba ta haihuwa ba a lokacin, mahaifiyarta kuma wajen haihuwa ta rasu. Sai ta ɗauki kyamara ta juya ta kan kanta, tana magana da mahaifiyar da ba ta duniya, ta kuma zauna da wasu mata masu irin wannan jarrabawa suna faɗin abin da ke ransu.

'Yan uwa, wace ce a cikinmu ba ta san wannan ciwo ba? In ba a ɗakinki yake ba, yana ɗakin 'yarki ko ƙanwarki ko maƙwabciyarki. Habaicin dangin miji, kallon da ake yi miki a gidan suna, jiƙe-jiƙen da kika sha har kin gaji, sannan a ce ke kaɗai za ki je asibiti, shi maigida ba a ko tambayarsa, alhali likitoci sun tabbatar matsalar tana iya zama daga kowane ɓangare. Wannan fim ya ci kyautar Afirka ta AMAA a rukuninsa a shekarar 2016, an kalle shi a ƙasashe da dama. Turawa sun zauna a kujeru masu laushi sun tausaya. Amma ina tambaya, mata nawa ne a Kano ko Katsina ko Sakkwato, waɗanda ake kira juya a bayan idonsu, suka taɓa jin ko sunansa? Ai su ya kamata su fara gani, su san ba su kaɗai ba ne. Uwar miji ma ta gani.

Ita dai Aisha Macky ta sake yin wani a 2021 mai suna Zinder, kan matasan unguwar Kara-Kara ta garinsu. Wata 'yar Nijar ɗin kuma, Rahmatou Keita, ta yi Zin'naariya a 2016, labarin budurwa 'yar gidan sarauta da ta dawo gida daga karatu a waje da soyayya a zuciyarta. Kun ga mata ne suke riƙe da kyamarar.

Mu dawo Najeriya. Ki ɗauko naira goma ki juya bayanta, za ki ga 'yan matan Fulani biyu ɗauke da ƙwaryar nono. Wannan hoto ne ya sa wani mai shirya fim, Desmond Ovbiagele, ya tambayi kansa: idan masu tayar da ƙayar baya suka faɗa wa rugar waɗannan 'yan mata, ya rayuwarsu za ta kasance? Daga nan aka samu The Milkmaid, wato mai tallan nono, a 2020. A jihar Taraba aka ɗauke shi, yawancin maganar ciki Hausa ce. Labarin ya da ƙanwa ne, Aisha da Zainab, waɗanda aka raba su da gida, ɗaya ta shiga neman ɗaya. Maryam Booth da kuka sani ita ce ta fito a Zainab, ta kuma ci kyautar AMAA da wannan rawa da ta taka, fim ɗin kansa ya zama gwarzon shekara. Shi Najeriya ta tura gasar Oska ta Amurka ta 2021. Kafin a yarda a nuna shi a gida sai da hukumar tace finafinai ta ƙasa ta sa aka yanke wasu wurare. Ina faɗa muku tun yanzu, fim ne mai nauyi, ba na kallo da ƙananan yara ba ne.

A 2024 ma fim ɗin Hausa aka sake turawa Oska, Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura, kan rigimar gadon sarauta. Bai kai ga shiga zagayen ƙarshe ba, amma dai sau biyu ke nan cikin 'yan shekaru harshenmu yana wakiltar ƙasa.

Abin da ya ɗan canja shi ne irin waɗannan finafinai sun fara samun ƙofa a gidajen silima na Najeriya. Mami Wata na C.J. Obasi, wanda aka yi shi baƙi da fari da gangan, ya ci kyauta a Sundance a farkon 2023, ya shiga silima a nan cikin watan Satumba na shekarar. My Father's Shadow, wato inuwar mahaifina, na Akinola Davies, shi ne fim ɗin Najeriya na farko da aka zaɓa a hukumance a bikin Kan, a 2025, ya kuma zo silimun ƙasar nan a watan Satumba. Labarin yara biyu ne da suka yi yini guda tare da babansu a Legas, lokacin rikicin zaɓen 1993.

Sai dai shiga silima ba ita ce ƙarshen wahala ba. Mai silima ɗan kasuwa ne, yana biyan haya, yana sayen man janareta. Kuɗin tikiti kuma rabawa ake yi: gwamnati ta cire haraji, mai silima ya ɗauki kasonsa, mai rarrabawa, wanda shi ne kamar dillaliyar da take kai hularki kasuwa, ya ɗauki nasa, abin da ya rage shi ne na mai fim. Idan Juma'a da Asabar da Lahadin farko kujeru ba su cika ba, sai a mayar da fim ɗin lokacin da kowa yake wurin aiki, mako na gaba a sauke shi a sa na barkwanci ko na Amurka. Aikin shekaru sai ya tashi a kwana bakwai. Ga shi yawancin silimun zamani a Legas da Abuja da Fatakwal suke, a cikin manyan kantuna, tikitin mutum ɗaya ya isa cefane.

Mu a nan Arewa kuma da namu tarihin. Iyayenmu sun san El Dorado da Plaza da Orion da Marhaba a Kano, har Wapa ta 'yan canji sunan silima ta ci. Wurare ne na maza, na dare, macen da aka gani a can ta gama da sunanta. Shi ya sa da bidiyo ya shigo ya same mu har ɗaki muka rungume shi. Ni ba zan zauna a nan in ce wa kowa ta ɗauki mayafi ta nufi silima ba. Kowane gida da tsarinsa, kuma fita sai da izinin maigida.

Maganata da masu yin finafinan ce, da tashoshinmu na talabijin, da ƙungiyoyin mata. In dai da mu aka yi labarin, a kawo mana shi inda muke. Zamanin da ai majigi ake ɗorawa a mota a bi gari gari ana haskawa. Me zai hana a haska irin fim ɗin Aisha Macky a makarantar 'yan mata ko ajin yaƙi da jahilci, da rana, mata zalla, a gama a tattauna da ma'aikaciyar lafiya? Finafinan Indiya ana juya su zuwa Hausa muna kallo har muna haddace sunayen jarumai. To wanda aka yi a Nijar, inda Faransanci ya shiga ciki, me ya sa ba za a juya mana shi ba? Rubutun da ake sawa a ƙasan hoto ba ya yi wa wadda ba ta yi boko ba amfani, kuma ko wadda ta yi, hannu ɗaya na kan jariri ɗaya na kan tsintar shinkafa, yaushe za ta bi shi?

Akwai wanda ya fi duk waɗannan daɗewa a hanya. Littafin Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, Adamu Halilu ya mayar da shi fim da Hausa a 1976. A ciki akwai uwar da ta ratsa hamada tana neman ɗanta da aka sace. Fim ɗin ya ɓace shekaru masu yawa, sai daga baya aka gano shi a ma'ajiyar hukumar finafinai ta ƙasa, aka gyara shi a Jamus, aka haska shi a bikin Balin a 2018. Ki tambayi tsofaffin gidanku ko akwai wanda ya taɓa ganinsa.

Ke kuma a naki ɓangaren, ki sa a rubuta miki sunayen nan a takarda. Idan ɗanki ko ƙaninki zai je wajen masu tura fim, ko zai duba intanet, ki ba shi ya tambaya. In an samu, ke ki fara kallo kafin yara. In ba a samu ba, a sake tambaya wani makon, don ɗan kasuwa abin da ake yawan tambaya shi yake nemowa. Wadda take da hali kuma ta aika wa tashar talabijin ɗin jiharsu saƙo ta nemi a sa.

Ina so in ji daga gare ku, musamman waɗanda zancen haihuwa ya taɓa. Ku aiko da wasiƙa ko saƙon waya, wadda ba ta so a faɗi sunanta ba za a faɗa ba. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu karanta abin da ya samu. Lokaci ya cimma mana, a gaida maigida, a shafa kan yara. Wassalamu alaikum, a huta lafiya.