Ƙwaya Ko Allura? Jawabi Ga Masu Ciwon Sukari Da Ke Son Rage Ƙiba



Wata tambaya ce ke yawo a majalisunmu: wai an samu allurar da ake yi sau ɗaya a mako, ta saukar da sukari ta kuma zubar da teɓa, shin a bar ƙwaya a koma mata? Mu dai mun san halinmu. Mutuminmu in ya je asibiti aka sallame shi da ƙwayoyi kawai, sai ya ce ai ba a duba shi ba. To, a kan ciwon sukari wannan lissafi bai ci ba. Akwai ƙwaya mai rage nauyi da mai ƙara shi, haka ma allura.

Bari mu fara da ƙwayoyi. Metformin, wadda aka fara bai wa masu sukari a Faransa a 1957, ita yawancinmu muka sani. Tana da araha, ba ta bukatar firji, kuma takan rage kilo 2 zuwa 3. Aibinta shi ne ɓacin ciki, shi ya sa ake shan ta da abinci. Glibenclamide kuwa, wadda aka fi sani da Daonil, ƙara nauyi take yi, kuma tana iya kayar da sukari ƙasa warwas ga wanda ya daɗe bai ci ba. Masu azumi da direbobinmu su lura. Sai empagliflozin da dapagliflozin, masu fitar da sukari ta fitsari. Su ma sukan rage kilo 2 zuwa 3, amma sukan kawo ƙaiƙayin gaba, da ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara.

Sai allurai. Insulin, da aka gano a Kanada a 1921, ya ceci rayuka ba iyaka, amma yakan ƙara nauyi. Duk da haka, wanda likita ya ɗora a kansa kada ya kuskura ya daina don neman ramewa, wannan wasa da rai ne.

Wadda ake ta surutu a kanta ita ce semaglutide, ta kamfanin Novo Nordisk. Amurka ta amince da ita a 2017 da sunan Ozempic don sukari, sannan a 2021 da sunan Wegovy don ƙiba. Aikinta shi ne ta sa mutum ya ƙoshi da wuri, abinci kuma ya jima a ciki. A gwajin da aka buga a 2021, masu ƙiba marasa sukari sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu cikin mako 68, masu sukari kuma kusan kashi 10. Ke nan mai kilo 100 ya koma wajen 90. Akwai ƙwayarta, Rybelsus, tun 2019, wadda kan rage kimanin kilo 4. Ana shan ta da sassafe da ruwa kaɗan, a jira minti 30 kafin a karya.

In kilo kaɗai za a duba, wannan allura ta wuce tsofaffin ƙwayoyi, babu musu. Amma fa mu a nan muke zaune, don haka akwai tambayoyi uku.

Ta farko, wuta. Kafin a fara amfani da allurar, a firji ake ajiye ta. In an buɗe Ozempic, kwana 56 take yi, muddin zafi bai wuce digiri 30 ba. Wa ke da wutar da zai dogara da ita a watan Maris?

Ta biyu, aljihu. Kuɗinta ya ninka na metformin sau da yawa, kuma ba a yi mata shan wata ɗaya. Waɗanda suka daina a wancan gwaji, kashi 2 cikin 3 na nauyin da suka rage ya dawo cikin shekara guda. Mai dogaro da kasuwar citta ya tuna 2023, lokacin da cuta ta cinye gonaki a Jaba da Kachia. Da wa zai ci gaba da saye a irin wannan shekara?

Ta uku, jabu. A watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan Ozempic na jabu da aka kama a Ingila, Amurka da Burazil. A Turai an samu waɗanda aka cika da insulin, mutane suka kwanta asibiti. In haka ta faru a can, ina ga wadda aka turo ta mota ko aka tallata a Facebook? A saya a kantin magani mai rajista, da takardar likita, a duba lambar NAFDAC.

Iyayenmu mata, ku ja kunnen 'ya'yanmu: mai ciki da mai neman ciki ba su amfani da ita. Takan sa tashin zuciya da amai, wanda kuma ya ji ciwon ciki mai tsanani ya garzaya asibiti.

Abu na ƙarshe. Ba kowace rama ce abin murna ba. Wanda ke ramewa haka kawai, ga ƙishirwa ga yawan fitsari, sukarinsa ne ya hau, ya je a auna shi. Tuwon acha da ake yabo a wannan yanki shi ma a ci da awo, a rage lemon kwalba, a riƙa taka ƙasa minti 30 a kullum.

Don haka 'yan uwa, a kwashi duk magungunan da ake sha a kai wa likita a babban asibitin Kafanchan ko na Kwoi, a tambaye shi: wanne ke ƙara mini nauyi, wanne kuma zan iya riƙewa shekara da shekaru? Da hanau gara mannau.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mai da kowa gida lafiya.