Carbin da Aka Gina Jikinmu da Shi

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Yau za mu yi tunani a kan halittarmu. Jikin ɗan Adam tarin ƙananan ƙwayoyi ne waɗanda ido ba ya gani, kuma manyan sinadarai iri 4 ke riƙe da kowace ƙwaya: dangin sukari, kitse, furotin da sinadarin gado. In aka cire kitse, sauran shirin carbi gare su, wato ƙananan ƴaƴa da aka zura a jere.

Garin hatsin da muke sahur da shi dogon carbi ne na sukari. Ciki ya tsinke shi, hanta ta sake zura wani sashe ta adana, kimanin giram 100. Daga wannan rumbu mai azumi ke ci da rana. In ya yi ƙasa, jiki ya koma ga kitse.

Shi kuwa furotin, ƴaƴansa iri 20 ne. Yadda aka jera su shi ke ba shi siffa, siffar kuma ita ke ba shi aiki. Ku dubi furotin ɗin da ke ɗaukar iskar numfashi cikin jininmu. Wani silinsa yana da ƴaƴa 146. In na shida kaɗai ya sauya, da iska ta ƙaranta sai furotin ɗin ya manne da ƴan'uwansa, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Wannan shi ne amosanin jini, wanda ke hana yaranmu da yawa barci. Asalinsa harafi guda ne da ya sauya cikin sinadarin gado, wanda aka rubuta da haruffa 4 kacal. Tsarki ya tabbata ga Mai ƙaddarawa!

To, jama'a, bayan Salla aure ke yawaita. In miji da mata duka suna ɗauke da wannan harafi, ko da lafiyarsu lau, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4. Mu kai ƴaƴanmu awon jini tun kafin a sa rana. Neman sani ba ya kore tawakkali. Mai wannan ciwo kuma, ƙishirwa na tayar masa da shi. Ya nemi shawarar likita kafin ya ɗauki azumi, domin shari'a ta yi wa majinyaci rangwame.

Allah Ya karɓi ibadarmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.