Ɗanku ya shiga karatun likita a Paraku: shekarar farko ita ce gwaji

  Yau maganarmu a kan yaran da suka ci jarrabawar bak suka samu gurbin karatun likita a Jami'ar Paraku ce.

An buɗe wannan jami'a a 2001, tana unguwar Albarika, kuma a nan ake horar da likitoci a arewacin Benin. Kafin ta, sai yaro ya gangara Kwatano. Yanzu ɗan Jugu zai hau mota da safe ya isa kafin azahar. Amma kusancin hanya bai rage nauyin karatun ba. Aƙalla shekara bakwai ake yi, kuma ta farkon ita ce ta fi kayar da yara.

Me ya sa? A sakandare malam ya san sunan yaro, in bai zo ba zai tambaya. A jami'a kuwa babban zaure ne cike da ɗalibai, malam ya yi bayani da Faransanci ya wuce, ba mai kiran suna. Sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi da sinadaran jini, yawancinsu daga Latin da Girkanci aka samo su, yaro bai taɓa jin su ba. Wanda ya saba zuwa na ɗaya a ajinsu sai ya tarar kowa a zauren na ɗaya ne a garinsu. Ga neman ɗaki, ga girki da kansa, ga kuɗin fotokwafi da na kabu-kabu. In sakamakon farko ya zo ba daɗi, kunya ta hana shi faɗa a gida, domin ya san sa aka sayar aka biya masa.

To Baba Alhaji, Arɗo, Inna, ga roƙonmu guda uku.

Na farko, kuɗi. Gara kaɗan da ke zuwa kowane wata a rana sananniya da mai yawa da sai an sayar da dabba. Yaron da bai san ranar da kuɗin haya zai zo ba, hankalinsa ba ya kan littafi. Masu ciniki da naira, kun ga yadda ta faɗi tun 2023, alhali mai gidan haya a Paraku sefa yake karɓa. Ku ware na yaron da sefa tun da wuri.

Na biyu, lokaci. Kada a kira shi ya zo tsaron shago ranar kasuwa, ko ya raka shanu don ƙaninsa ba lafiya. Mako ɗaya da ya rasa, darasin ya yi nisa. Biki da suna, a yi masa uzuri. Haka 'ya mace: ku nema mata masauki wajen amintattu, ku bar maganar aure ta jira ta tsaya da ƙafafunta.

Na uku, kada ku fara kiransa likita ana kawo masa marasa lafiya in ya zo hutu. Ɗan shekarar farko bai da izinin rubuta magani ko yin allura. In kun matsa masa, ko ya ƙi a ce yana girman kai, ko ya yarda ya cuci wani. Mara lafiya a kai shi asibiti.

Ku kuma ƙannena ɗalibai, kada ku zauna ku kaɗai. Ku nemi na gaba da ku a karatun, su ne suka san yadda kowane malami ke tambaya. Ku haɗu uku ko huɗu kuna bitar darasi a ranar da aka yi shi, kada a tara sai dab da jarrabawa. Ku leƙa ofishin COUS mai kula da walwalar ɗalibai ku ji abin da za ku iya samu. In abu ya yi nauyi, ku faɗa da wuri. Ciwon da aka ɓoye shi ke kisa.

Kada kuma ku ji kunyar harshen gida. Ranar da za ku fara shiga babban asibitin koyarwa na Borgu da Alibori, za ku tarar da tsohuwar da ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya. Wanda ke jin Fulatanci ko Hausa ko Dandanci, shi zai ji inda ke mata ciwo daga bakinta, ba ta bakin tafinta ba. Irin likitan da rugagenmu ke jira ke nan.

Allah ya ba yaranmu sa'a, ya saka wa iyaye da alheri. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.