Jar Ƙasa Ba Alamar Talauci Ba Ce



Tun da ƙungiyarmu ta yanke shawarar gina wa makaranta ɗakin karatu, kowa bulo da siminti da kwano yake lissafawa. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba magini ba, amma ina roƙon a saurari labarin wani ɗan ƙaramin ofishin zanen gine-gine kafin a sa hannu a kwangila.

Wata 'yar Nijar, Mariam Issoufou Kamara, ta buɗe shi a Yamai a 2014. Ilmin kwamfuta ta fara yi, daga baya ta koma karatun zanen gini a Amurka. Ƙa'idarta ita ce a duba abin da gari yake da shi: ƙasarsa, maginansa, da inda mutane suka saba zama.

Aikinta da ya fi jan hankalina yana Dandaji, wani garin Hausawa a jihar Tawa. Mutanen garin sun so rushe tsohon masallacin Juma'arsu na ƙasa su yi na siminti. Masallacin kuwa aikin Alhaji Falke Barmu ne, gwanin da masallacinsa na Yama ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Ita da abokiyar aikinta, Yasaman Esmaili, suka zauna da jama'a, aka amince a mai da tsohon ɗakin karatu, a gina sabo kusa da shi mai ɗaukar mutum kamar 1,000. An kira maginan da suka yi aikin farko suka gyara shi. An gama a 2018. Yaro ya idar da salla, taku kaɗan sai ga littattafai.

Sabon ma da ƙasa aka yi shi, amma ba tubalin hannu ba. Jar ƙasa ake haɗawa da ɗan siminti, inji ya matse ta ta zama bulo. Bango mai kauri yakan riƙe zafin rana, ba ya sakinsa sai dare. Duk wanda ya zauna ajinmu a watan Afrilu, kwano na ƙara a kansa, ya san amfanin wannan.

Sai dai kada mu kwafa ido rufe. Ruwan Mahuta ya fi na Tawa nesa ba kusa ba; ƙasar masara da auduga ce. Namu ginin sai da tushe na dutse da siminti, da rufi mai baki mai faɗi don kare bango.

Shawarata, ranka ya daɗe, kwamiti ya kai ƙasarmu Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a gwada ta, ya kuma zauna da tsofaffin maginan gari kafin taro mai zuwa. Wassalam.