Kasuwancinka na WhatsApp zai sayu kuwa?



Da yawanmu muna saida kilishi, turare ko atamfa ta WhatsApp da Facebook. Madalla. Amma in gobe aiki ya kai ka wani gari, wa zai sayi kasuwancin nan daga hannunka? In komai yana cikin kanka da cikin wayarka, wallahi ba kowa. Mai saye riba yake nema, wadda za ta ci gaba da shigowa bayan tafiyarka.

To, me za a yi? Da fari, raba kuɗin sana'a da na aljihu: lambar waya daban, asusun kuɗi daban. Sannan kullum ka rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. In ka ce kana cin ribar jaka 50 a wata, littafin shekara guda ne shaidarka.

Ka yi rajista, ka samu RCCM da NIF. A Yamai, Maison de l'Entreprise na yin wannan. In sunan kayanka ya fara karɓuwa, ka kai shi OAPI: rajista guda tana kare shi a ƙasashe 17, har da Nijar, tsawon shekara 10, kuma ana sabuntawa.

Daga ƙarshe, koya wa wani aikin. Ka bar masa shagon sati biyu ka gani. In ciniki bai tsaya ba, to kana da abin saidawa.